Tayoyin Gidan Fasto

A ƙauyenmu na Tuamanu, in ka ga kaji sun watse, mata na gudu da tsintsiya, maza kuma sun tuna da aikin gaggawa a gonar gwaza, to ba guguwa ce ta taso daga teku ba. Folole ce ta fito duba gidaje. Ita ce shugabar kwamitin mata, kuma tun ranar da aka ɗora ta a kan wannan muƙami ba ta taɓa yarda akwai gida mai tsabta a duniya ba, in ban da nata. Doguwa ce, ƙatuwa, ta ba sittin baya, kullum da sanda a hannu, ba don ciwon ƙafa ba, don ɗaga abin da kika rufe. Matan kwamiti na biye da ita cikin anko shuɗi mai farin fure, suna gyaɗa kai tun kafin ta gama magana. Ta leƙa tukunyarki, ta shinshina matashin kanki, ta ɗaga tabarmar da kika ɓoye a ƙasa, ta ce, "Ikon Allah! Kiwon kyankyasai kika fara, ba ki gayyace mu buɗewa ba?" Tarar da take ci kuwa kaza guda ce. In kin yi musu, ɗan alade.

Mutum ɗaya ce ke sa muryar Folole ta sauko, jikarta Apaula, 'yar shekara tara, siririya mai ɗan karen surutu. Uwar yarinyar, Seuga, tana can birnin Oklan a ƙetare tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ta bar wa mahaifiyarta ita amana. Shekarun baya Apaula ta yi zazzaɓin dengi, wanda sauro ke kawowa, ta kwanta tana kukan ƙasusuwanta za su karye, ta warke. Folole ta sa a ranta an yi an gama, kamar ƙyanda. Duk Lahadi in Seuga ta bugo waya amsar ɗaya ce: "Yarinya tana hannuna, ki yi aikinki. Wa kika taɓa ji sauro ya ciza a gidana?"

Da damina ta kankama zazzaɓin ya dawo, yara suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Sai aka turo Leitu, nas ɗin gunduma. 'Yar garin nan ce, a gabanmu ta yi rarrafe, don haka ba ta isa ta miƙe tsaye a kan iyayenta tana bayani ba. Ta naɗe ƙafa a bakin tabarma a rumfar kwamiti, ta ajiye wata kwalbar ruwa a gabanta, wasu 'yan tsutsotsi na wutsil-wutsil a ciki.

"Iyayena, ku gafarce ni, zan faɗi abin da kuka riga kuka sani," in ji ta. A garinmu haka ake fara gaya wa babba abin da bai sani ba.

"Ba kowane sauro ba ne. Macen ce ke cizo, tana neman jinin da za ta yi ƙwai da shi. Baƙa ce, 'yar ƙarama, da ratsin fari a ƙafa sai ka ce ta sa safa. Ba ruwanta da kwata, 'yar gayu ce, ruwan sama mai tsabta take so, a ƙoƙon kwakwa ko gwangwani. Kuma ba ta jiran dare. Da hantsi take zagawa gidaje, da kuma yamma lis."

"Ashe 'yar kwamiti ce," in ji Moega, mataimakiyar Folole, wadda ta daɗe tana hangen kujerar. Aka kwashe da dariya, ban da shugaba.

Leitu ta danne tata dariyar ta ci gaba. "Ita ma ba da cutar aka haife ta ba. Sai ta ciji mai zazzaɓi, ƙwayar ta shiga cikinta, ta yi ta hayayyafa a hanjinta sama da mako guda, ta haura har cikin yawunta. Daga ranar, duk wanda ta ciza sai ta tofa masa, har ta mutu. Kuma ba ta da yawo. Inda aka ƙyanƙyashe ta nan take ƙare rayuwarta, daga gidan zuwa maƙwabta. Ba ta hawa bas, iyayena. Wanda ta ciza, ya dubi kusa da shi."

Folole ta buga sanda a ƙasa. "To, Allah ya kyauta wa 'ya'yan ƙazamai. Tawa dai ta riga ta yi, ta fita."

Leitu ta sunkuyar da kai. "Tina, Apaula ce ma ta fi ba ni tsoro." Tina muke ce wa uwa, da duk wadda ta isa ta haife ka.

"Kamar yaya?"

"Ƙwayar nan iri huɗu ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kama ɗaya. Wanda ya yi ɗaya, jikinsa ya tanadi sojojin da suka san ta, ba za ta sake kama shi ba. Amma ta bana ba ita ce ta wancan karon ba, an auna a birni. In ta shiga jikin Apaula, tsofaffin sojojin nan za su taso su damƙe ta, suna zaton wadda suka sani ce. Su riƙe ta, amma makaminsu ba ya cin ta. Ƙarshenta su da kansu za su rako ta har cikin ɗakunan jiki, inda da ƙafarta da ta sha wahalar shiga. Ta baje, ta hayayyafa, jijiyoyin jini su fara yoyo. Ba kullum ake kaiwa nan ba, Tina. Amma irin wannan ne ke kisa."

Wani abu ya tsirga wa Folole daga ƙeya har tafin ƙafa. Tsoro ne, tsoro sosai, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da masunta suka shigo da gawar mijinta. Kunnenta ya toshe. Leitu na can tana cewa zubar da ruwa kawai bai isa ba, macen nan ba a kan ruwa take ƙwai ba, a jikin bangon abin take manna su, su bushe su yi wata da watanni suna jiran ruwan sama, sai an sa buroshi an goge ciki. Wa ke jin ta? Duk matan sun zuba wa fuskar shugaba ido, don ba su taɓa ganin ta a haka ba. Da hankalin Folole ya dawo, abin da idonta ya fara faɗawa a kai shi ne rigar Moega, wadda shuɗinta ya ɗara na anko duhu. Nan take ta ci ta tarar kaza, ta ɗan ji dama-dama.

Washegari gari ya ga ta kansa. Ba ƙoƙon kwakwar da ya tsira, ba gwangwanin kifi, ba murfin kwalba. Ta kifar da kwanon ruwan karen mutane. Ta zubar da tulun furen da ke kan kabarin mijin Moega a ƙofar gida, tana cewa mamaci ba ya jin ƙishirwa. Ta sa samari suka hau rufi suka yashe indararo. Gari ya yi fes, kaji suka kusa ƙarewa, yara kuwa ba su daina kwanciya ba.

Folole ba wawuya ba ce, wannan ko maƙiyinta ya shaida. Ɗan gidan bakin teku ya kwanta, 'yar gidan gindin dutse ta kwanta, tsakaninsu kuwa tafiya ce mai gajiyar da babba. Kuma duk yara ne, ba babba ko ɗaya. To ina yaran nan ke haɗuwa da yamma lis? Ai ba sai an tambayi boka ba. Kowace yamma, in an taso daga boko an yi wanka, duk yaron garin nan yana barandar gidan fasto, ƙafa a naɗe, yana haddar aya da lissafi har rana ta faɗi. Haka muka yi, haka iyayenmu suka yi.

Daga bakin titi kuwa har barandar nan, hagu da dama, tayoyi ne a jere, farare. Shekarar da aka gina wa fasto sabon gida, kowane dangi ya kawo taya ɗaya ta ado, an rubuta sunan gidan a jiki da jan fenti. Abin ya fara da tayar ƙaramar mota. Wani ya kawo ta bas. Babban mai sarauta ya ji labari, ya aika har birni aka ɗauko masa ta tarakta, wadda yaro zai kwanta a ciki ya yi barci. Ba a cika su da ƙasa ba, don gardama ta kaure a kan irin furen da za a shuka, kuma har lokacin ba a gama ta ba. Suna nan kwance baki buɗe, suna tarar ruwan Allah.

Kwamiti na zuwa gidan fasto ranar duba, ƙwarai kuwa. Amma zuwa ake a gaida Faletua, wato matar fasto, a sha shayin koko, a yi addu'a, a fito a rusune. Sandar Folole a bakin titi ake jingine ta. Fasto baƙo ne da gari ya ɗauko ya yi wa alkawari, mu ciyar da shi, mu girmama shi. Wa ya haife ka da za ka leƙa masa taya?

A wannan karon dai Folole ta rantse sai ta faɗa. Ta wuni tana jujjuya maganar a baki, tana cire mata ƙaya. Da la'asar suka isa. Faletua, matashiya siririya mai sanyin murya, 'yar wani tsibiri dabam, ta shimfiɗa musu tabarma a baranda. Folole ta fara jawabin gaisuwa, wanda ba a gajarta shi ko gida na ci da wuta. Ta gode wa Allah, ta gode wa bawansa, ta gode wa ranar da ƙafarsa ta taka garin. Tana tsakiyar cewa tsabtar wannan gida ita ce abin koyin kowa, sai ga macen sauron nan, baƙa, da farar safarta. Ta sauka a idon sawun Folole, ta gyara tsayuwa, ta soka baki.

Duk matan kwamiti sun gani. Faletua ta gani. To ka kai wa sauro mari a tsakiyar jawabi, a barandar fasto, ai ka faɗa wa duniya gidan bawan Allah da sauro ke nan. Folole ta ci gaba da yabo, gumi na bin wuyanta, baƙuwa na sha. Ta sha har cikinta ya yi ja, ta tashi da ƙyar kamar mai sarauta ya taso daga walima. Moega ta ƙura wa rufi ido, kafaɗunta na rawa.

Maganar taya ta maƙale a wuya. Abin da ya iya fitowa shi ne, "Faletua, ina tagwayenki? Ban ji ɗuriyarsu ba."

"Suna birnin Apia wurin yayata, Tina. Ta matsa tana son ganin su."

"Ana tsakiyar karatu?"

"Ta matsa ƙwarai."

Suka dubi juna. Ran Folole ya ɓaci har ta ji ɗacin koko ya dawo mata maƙogwaro. Ashe Faletua ta sani! Ta kwashe nata ta kai tudun mun tsira, ta bar 'ya'yan mutane a baranda ana shan su kowace yamma.

Da za su tafi, Faletua ta rako ta har bakin titi, ta rage murya. "Tina, na san abin da ke ranki. Ni ma ina da ido, na leƙa. Amma dubi jikinsu, sunana kika gani? In na taɓa ta mai sarauta, gobe a ce 'yar wani tsibiri ta zo ta jefa mutuncin gidansu a bola. In na ce a dakatar da karatu, a ce fasto ya gaji da aikin Allah. Ku da kuka kawo, don Allah ku ɗauke mana."

"Mu ɗauke? A ce mutanen Tuamanu sun yi wa fastonsu kyauta sun dawo sun ƙwace? So kike a sa mu a waƙa?"

Suka tsaya cirko-cirko, manyan mata biyu, kowace ta san abin da ke cin yara, ga shi kuwa a gefen ƙafarsu yana wutsil-wutsil, kowace na jiran ɗayar ta fara rashin kunya. Ba wadda ta iya. Folole ta ɗauki sandarta ta wuce.

Da ta isa gida ta ce wa Apaula, "Daga yau ba ki zuwa karatun yamma. Tari kike yi."

"Tina, ni ba na tari."

"Za ki yi."

Ta yi wa Faletua kallon banza a kan kwashe 'ya'ya, ga shi rana ba ta faɗi ba ita ma ta kwashe tata. Ta san da haka, kuma ya dame ta, don dai Folole muguwar baki ce, ba muguwar zuciya ba. Tana daka koko tana saƙa da warwara, sai dabara ta faɗo mata, har ta ajiye taɓarya ta yi guɗa ita kaɗai.

Ta tara kwamiti ta ce, "Jama'a, Kirsimeti ya matso, baƙi za su zo daga ƙetare, tayoyin gidan bawan Allah kuwa sun yi dauɗa abin kunya. Kowane gida ya je ya ɗauki tasa, ya kai gida, ya sake mata fenti. Ranar jajibere a mayar."

Kai, ranar an yaba wa Folole! Ba a ƙwace kyauta ba, ba a jefa sunan kowa a bola ba, fasto ma girma aka ƙara masa. Kowace mace a rumfar ta gane abin da ake nufi, kuma ba wadda ta ambaci sauro ko da wasa. Moega kanta ta ce, "Tina, kanki na ja," da ƙyar dai, kamar ana cire mata haƙori.

Aka yi ɗaukar taya kamar ɗaukar amarya. Kowane dangi ya zo da samarinsa, aka ɗaga, aka karkata, baƙin ruwa ya kwarara a kan ciyawa da duk abin da ke cikinsa, kowa ya ɗauke kai yana yabon yanayin gari. Ta mai sarauta ta ƙwace daga hannun masu turawa ta bi gangara ta rushe kejin aladun wani, mai aladun ya fito ya gode da ziyara. Folole da hannunta ta mirgino tasu, ta shanya ta a rana, ta zura hannu ta ji ta bushe ƙayau, sannan ta kwantar da ita a gindin rumfa, daidai inda Apaula ke zama tana tsefe wa 'yar tsanarta kai. Ta ji yatsunta sun shafo wani baƙi-baƙi kamar toka a jikin robar daga ciki. Ta goge a zani.

A ranar da yamma ruwa ya sauko, ya kuma yi ta saukowa.

Za ka ce mai kifar da kwanon kare ai ba za ta bar taya da ruwa a gidanta ba. To ba ka san mu ba. Taya ta bar gidan fasto, amma alfarmar gidan ta biyo ta. Ranar duba, sandar Folole ta bi kowane lungu, ta zo kan taya ta tsallake, don kayan bawan Allah ne aka ba mu ajiya, ga ɗanyen fenti kuma. Fentin ma ya ƙi ƙarewa. Gidan Moega suka ƙara jan fure a gefen suna. Gidan mai sarauta suka gani, suka zana kurciya. Wanda ya gama jiya ya kankare ya sake yau. Aka yi makonni ana wannan, maza tsugune a bakin taya da buroshin fenti, suna marin ƙafa suna cewa saurayen bana ba su da kunya.

A tsakanin nan Folole ta tashi wata safiya da ciwon kai a bayan ido, gaɓoɓi kamar an daka. Ta san ko mene ne, ta kuma san a barandar da ta samo shi. Amma shugabar kwamiti da cutar 'ya'yan ƙazamai? Moega ta ji? Ta ɗaure kai da ɗankwali ta ce gajiya ce. Ta riƙa kwanciya da rana a gindin rumfa tana shan iska, ba gidan sauro, don gidan sauro da rana ai shela ce. Kwana kaɗan ta miƙe, ta ce wa kanta ka ga jinin mutanen da.

Daga nan cutar ta daina zaɓe. Manya suka fara kwanciya, masunta, tsofaffi, har mai sarautar da aka zana wa kurciya. Sannan wata Asabar Apaula ta ajiye cokali ta ce idonta na ciwo.

Folole ba ta sake fita duba gidan kowa ba. Ta zauna a kan yarinyar tana shafa mata ruwa, tana ɗura mata ruwan kwakwa, jikin kamar garwashi. Da Seuga ta bugo, Folole ta ce mata mura ce. Ta yi addu'ar da ba ta da jawabin gaisuwa a gabanta, ta ce, "Ya Allah, ni ce, ka taimake ni." Bayan 'yan kwanaki ta taɓa goshin ta ji sanyi. Ta fita tsakar gida ta yi guɗa, ta kama kazar da ta rage ta yanka.

Tana fige ta Leitu ta shigo, tana zagayen marasa lafiya. Folole ta tare ta da murna. "Zazzaɓi ya sauka, 'yar nan! Ba na gaya miki ba?"

Leitu ta wuce ta durƙusa a kan yarinyar. Ta kama hannun ta ji shi sanyi ƙalau. Ta danna ciki, Apaula ta yi ƙara. Ta ɗaga mata leɓe, ga jini na tsattsafowa a dasashi.

"Tina, saukar zazzaɓin ita ce lokacin haɗarin. A nemo mota yanzu, yanzu!"

Aka ruga neman a-kori-kura. Leitu ta miƙe, idonta ya faɗa kan taya, fara sol, sunan gidan na sheƙi. Ta je ta zura hannu ta ɗebo ruwa a tafi, ya cika da tsutsa. Ranar dai ta manta da gafarar iyaye.

"Kun goge cikin kuwa kafin ku kawo su gida?"

Moega, da ta leƙo ta kan shinge, ta ce, "Ciki? Wa ke ganin ciki?"

"Wayyo Allah! Ƙwan na manne a ciki! Da a gida ɗaya suke, kun bi gari kun raba wa kowa nasa." Ta juyo. "Amma sabon sauro ba shi da cuta sai ya sha a jikin wani. Apaula ba ta fita. Wa ya yi zazzaɓi a gidan nan?"

Folole ta tsaya da kaza a hannu, fige rabi.

Daga kan tabarma, da 'yar muryar da ta rage mata, Apaula ta ce, "Tina ce. Amma ta ce gajiya ce."

A asibitin birni aka sa mata ƙarin ruwa, leda na ƙarewa ana rataya wata. Likita ya ce jinin ya yi kauri don ruwansa ya tsiyaye, sai a jira a gani. Folole ta zauna a bencin baranda, ba ci ba sha, ankonta ya yamutse, ba wanda ya san ita ce wata a wani gari. Sau biyu nas-nas suka shiga da gudu suka ja labule. A karo na biyu ta sauko daga bencin ta zauna a ƙasa daɓas. Allah dai ya yi yarinyar da sauran kwana. Wata safiya ta buɗe ido ta ce tana son ayaba.

A ranar Seuga, da labari ya riga ya kai mata, ta sauka daga jirgi. Folole ta shirya mata. Ta san 'yarta, bakinta ta gado, tun tana ƙarama ba ta barin ta kwana. Kuma Allah ya sani Folole na son faɗan. So take a tsaya a kanta a zazzage mata, a gaban mutane, ko nauyin da ke ƙirjinta ya ragu.

Seuga ta wuce ciki, ta daɗe. Da ta fito idonta ya kumbura. Ta zo ta zauna a ƙasa, a gefen ƙafar mahaifiyarta, ta naɗe ƙafa yadda aka koya mata. Ta buɗe jaka ta fito da yadi mai kyau da gwangwanin biskit, ta miƙa da hannu biyu.

"Sannu da ɗawainiya, Tina. Kin sha wahala. Allah ya saka miki."

"Seuga..."

"Yarinya ta girma, nauyinta ya yi miki yawa, ga aikin kwamiti. In an sallame ta zan tafi da ita can, ki samu ki huta."

Folole ta ce, "Tayar nan, ni na mirgino ta da hannuna. Ni na ajiye ta inda take zama."

"An turo mini hotonta, Tina. Fentin ya yi kyau."

"Tun farko na san inda sauron yake, ban faɗa ba. Na yi zazzaɓin na ɓoye. A jikina ya ɗiba ya kai mata, kina ji? A jinina!"

"Haba, Tina. Wa ya isa ya ce kin yi laifi?"

"Ke! Ke kin isa!" Muryarta ta fashe, masu jinya suka juyo. "Zage ni, 'yar nan. Ɗaga murya ki gaya mini abin da na yi. Ki zage ni tas, ki bar mini ita."

Seuga ta ɗago ta dube ta, sau ɗaya, sannan ta mayar da idonta ƙasa.

"Ba haka kika rene ni ba, Tina."

Ta tashi a rusune, ta nemi gafarar wucewa ta gabanta, ta shiga ɗakin ta ja labule. Folole ta jiyo Apaula na tambaya ko a jirgi ana ba mutum kujerar taga. Ta zauna da gwangwanin biskit a cinya, masu wucewa na ganin furfurarta suna ɗan rusunawa.